Yadda Ake Farautar Ajiya da Na'urar GPS Idan Ka Hau Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido

Na'urar GPS ta hannu ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu. Da ita muke auna gonakin shinkafa a fadamun Auyo da Haɗeja, da ita masu haƙa rijiyar burtsatse suke ɗaukar lambar wuri kafin su kawo inji. To, da irin wannan na'urar da ke aljihun malamin gona mutanen duniya suke wani wasa da ake kira jiyokashin. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani ko 'yar roba mai ɗauke da takardar sa hannu, ya saka lambobin wurin a shafin Geocaching.com, kai kuma ka bi lambobin har ka gano ajiyar, ka sa hannu, ka mayar da ita yadda ka same ta. Babu kuɗi a ciki, babu zinariya. Ribar ita ce wasan yana kai ka lungunan da mai yi wa baƙi jagora ba zai taɓa kai ka ba.

An fara shi a watan Mayun 2000. Kafin nan, da gangan gwamnatin Amurka take rage ingancin siginar GPS da farar hula ke samu, har kuskure ya kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni aka daina a farkon watan, ranar 3 ga wata kuma wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin. Yau ajiyar da ke ɓoye a duniya ta haura miliyan 3.

Wannan bayanin na 'yan uwanmu ne da Allah ya hore wa hawa jirgin ruwan yawon buɗe ido, ko daga Jidda a Bahar Maliya, ko daga Dubai, ko Barselona a Bahar Rum, ko Durban a Afirka ta Kudu. Irin wannan jirgin yakan tsaya a gari na wasu sa'o'i ne kawai ya wuce, intanet ɗin cikinsa kuma tsada gare shi. Don haka rabin aikin a gida ake gama shi, tun ƙafarka ba ta taka jirgi ba.

Kayan da za ka tanada

Na'urar kanta. Garmin ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. eTrex 10, mai launin rawaya ɗin nan da ayyukan gona suka yawaita rabawa, tana yi, sai dai ba a loda mata taswirar kirki. eTrex 22x tana da taswira da gurbin ƙaramin katin ajiya. eTrex 32x ta ɗara ta da kamfas na lantarki, wanda ke nuna maka hanya ko kana tsaye. Idan za ka saya sabuwa ne, ni dai 32x nake ba da shawara, saboda wannan kamfas ɗin kaɗai. Jerin GPSMAP 64 da 65 sun fi kama sigina a tsakanin dogayen gine-gine, amma sun fi nauyi da tsada.

Batura irin AA, aƙalla guda 6, biyu a ciki, huɗu a aljihu. Kada ka dogara da masu arhar nan na tocila da ake sayarwa a tebur, ba sa wuni. Nemi alkalin na gaske ko masu caji, ka haɗa da cajarsu. A jirgin sama, batura na hannu a jakar hannu ake sa su, ba a cikin babban akwati ba.

Sai wayar haɗa na'ura da kwamfuta, biro biyu (ƙananan ajiya ba su da abin rubutu), ɗan littafin aljihu, matsefata ta cire ƙaya don zaro takardar da aka naɗe cikin ƙaramin gwangwani, ƙaramar tocila, ɗan madubi na leƙa ƙarƙashin benci, da agogon hannu na gargajiya wanda ba ya canja lokaci da kansa. Za ka ga amfanin agogon nan gaba.

Idan ba ka da na'urar, wayar Android tana iya aikin da manhajar Geocaching ko c:geo, muddin ka sauke komai tun kana da data. GPS ɗin waya ba ya buƙatar layi. Matsalarta caji, da wahalar ganin fuska a rana, da kuma cewa ranar da ta faɗa ruwa ka yi asarar tikiti da hotuna da lambobin mutane gaba ɗaya.

1. Saita na'urar

Shiga Setup, sannan Position Format. Zaɓi hddd°mm.mmm', ka tabbatar Map Datum yana kan WGS 84. Da wannan tsarin ake rubuta duk lambobin ajiya. Duba da kyau idan na'urar ta taɓa aikin safiyo, domin wasu kan bar ta a kan Minna, ma'aunin tsofaffin taswirorin Nijeriya, bambancinsa da WGS 84 kuwa ya wuce mita 50. Wanda ke neman abu kamar kan yatsa, mita 50 ta ishe shi ya yini yana kewaya.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Google Maps kan ba da lamba kamar 12.4500, na'urarka kuma tana son digiri da minti. Abin da ke bayan ɗigo sai an ninka shi sau 60: 0.45 sau 60 ya ba da 27, wato 12°27.000'. Wanda ya kwafa kai tsaye ya rubuta 12°45' ya kauce da kimanin kilomita 33. Lamba ta ƙarshe a tsarin minti kuwa, kowace ɗaya kusan mita 2 ce a ƙasa, don haka ko ita ba a yi mata ganin ido.

Sai haruffa. Mu nan Kano da Jigawa kullum N (arewa) da E (gabas) muke gani, har hannu ya saba. A Durban ko Mombasa, S (kudu) ce a farko. A Lisbon da tsibiran Kanari, W (yamma) ce ta biyu. Barselona E ce, amma Balensiya da ke gaɓar teku ɗaya da ita W ce, domin layin Greenwich, wanda ya raba gabas da yamma a taswira, ya ratsa tsakaninsu. Ka sa E a lambar Balensiya, kibiya za ta nuna maka tsakiyar teku, kimanin kilomita 60 daga inda ajiyar take.

A ƙarshe shiga System ka gaya mata irin batirin da ka sa, don ma'aunin caji ya faɗi gaskiya, ka kunna GLONASS, wato taurarin ɗan Adam na Rasha, tare da GPS idan tana da shi, ka sa awon nisa a mita.

2. Koya a gida

Ajiyar da aka yi wa rajista a Nijeriya kaɗan ce ƙwarai, balle a karkara, saboda haka kai za ka haɗa wa kanka makaranta. Ba ƙaninka ko wani yaro mai wayo gwangwanin man shafawa da takarda a ciki, ya je bayan gari ya ɓoye, ya tsaya a wurin minti biyu, ya danna Mark Waypoint, ya dawo maka da na'urar. Kai kuma ka danna Where To, ka zaɓi alamar, ka bi kibiya. Ku yi a fili, ku yi a ƙarƙashin inuwar darbejiya, ku yi a lungu tsakanin katangu. Da kanka za ka ga yadda lambar daidaito ke tashi daga mita 3 zuwa 10 ko fiye idan sama ta rufe.

Amma fa a sanar da mai unguwa da mai gonar tukuna. A garuruwanmu, gwangwani mai takarda a kogon kuka sunansa sammu, kuma ba a daɗe da fita daga shekarun da baƙon ƙunshi a gindin bishiya ke tayar da hankalin gari ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, gwajin na'ura muke yi, ga abin da ke ciki," ka buɗe ya gani. Idan kun gama ku kwashe kayanku. Kuma kada ka zura hannu a rami ko kogo sai ka fara zura kara, kunama ba ta san wasa ba. Wannan ɗabi'ar ka tafi da ita har ƙasashen waje.

3. Zaɓi abin da za ka nema

Buɗe asusu a Geocaching.com, kyauta ne. Ɗauko jadawalin jirginka, ka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Nemi ajiyar da ke kusa da inda jirgin zai tsaya, ba wadda ke tsakiyar birnin da aka rubuta a talla ba. Jirgin da aka ce zai je Roma a Civitavecchia yake tsayawa, tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgin ƙasa kafin a kai Roma. Na Atina kuma a Piraeus.

Kowace ajiya tana da lamba mai farawa da GC, da girma, da maki biyu daga 1 zuwa 5: ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Mai jirgi a bayansa kada ya wuce 2 a kowanne. Zaɓi irin da ake kira Traditional, wadda lambobinta ke kai ka kanta tsaye. Multi tana da zango-zango, Mystery sai ka warware wasa ƙwaƙwalwa, duka biyun cin lokaci gare su. Akwai kuma Virtual da EarthCache, waɗanda babu gwangwani a cikinsu, zuwa wurin za ka yi ka amsa tambaya ko ka ɗauki hoto. A gari mai cunkoso da 'yan sanda ko'ina, su na fi so, domin ba sai ka yi ta laluben gindin fitila ba.

Abin da sababbi ke tsallakewa shi ne karanta rahoton waɗanda suka je kwanan nan. Idan mutum uku ko huɗu a jere sun rubuta DNF, wato ba su samu ba, ƙila ajiyar ta ɓace, bar ta. Idan an same ta makon jiya kuma masu so sun ba ta maki da yawa, sa ta a gaba. Uku zuwa biyar a kowace tasha sun isa. Karanta bayanin tun a gida, domin wani da Italiyanci ko Sifaniyanci aka rubuta shi, fassara shi kana da data ka rubuta ma'anar a littafinka. Akwai kuma ɗan haske da mai ajiyar kan bayar a ɓoye, sai ka danna Decrypt ya bayyana. Kwafe shi ma.

4. Loda su cikin na'ura

Mai asusun Premium, wato wanda ake biya wa kuɗi a shafin, yana iya haɗa jeri ko ya yi Pocket Query, wanda ke tattaro har ajiya 1000 a fayil ɗin GPX guda. Haɗa na'urar da kwamfuta, za ta fito kamar filas. Buɗe foldar Garmin, sannan GPX, ka zuba fayil ɗin a nan. Idan ya zo a ƙunshe cikin zip, kwance shi tukuna, na'urar ba ta karanta zip. Yi wa kowace tasha fayil nata da sunanta.

Yanzu cire wayar, kunna na'urar, shiga Geocaches. Kada ka tsorata idan ka ga babu komai: na kusa take fara nunawa, kai kuma kana Ringim, ajiyar tana Aƙaba ta ƙasar Jodan. Nemo ta da suna, ko ka ja taswira zuwa garin ka gani da idonka. Sai ka ga kowace tasha ta fito za ka ce ka gama.

Idan babu Premium ko babu kwamfuta, shigar da su da hannu. Danna Mark Waypoint, gyara lambobin zuwa na ajiyar, ka sa lambar GC a matsayin suna. Wani ya karanta maka kana dubawa, sau biyu. Ajiya 20 aikin dare ɗaya ne.

Taswirar da ke zuwa da na'ura ta yankin da aka sayar da ita ce. Idan ba ta ƙunshi inda za ka ba, akwai taswirorin OpenStreetMap na kyauta da aka shirya don Garmin, a sa su a katin ajiya. Mai eTrex 10 ya sauke taswirar garin a waya da Organic Maps, ya riƙa duba titi a waya, kibiya a na'ura. Ko me ka loda, rubuta lambobin a littafin aljihu.

5. Bincika doka

Ba kowace ƙasa ke maraba da na'urar ba. Kyuba tana da takunkumi kan shigo da GPS. Indiya ta haramta na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan Adam ba tare da izini ba, an kuma tsare matafiya a filayen jirginta saboda Garmin inReach. Lura da samfurin da sunansa ya ƙare da harafin i, kamar GPSMAP 66i da 67i, suna da inReach a ciki. eTrex karɓar sigina kawai take yi, ba ta aikawa. Duba jerin kayan da kamfanin jirginka ya hana, ka tambaye su kan kowace ƙasa. Batun biza ma a nan yake: mai fasfon Nijeriya ya tabbatar yana da izinin sauka a kowace tasha, da na sake shiga ƙasar da jirgin zai dawo.

6. A cikin jirgi

Sa wayarka a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, layin teku yana cinye kuɗi ba ka sani ba.

Na'urar ba za ta kama komai a ɗakinka ba, ƙarfe ne ya kewaye ka. Hau can saman jirgi inda sama take a buɗe, ka kunna ta ka ƙyale ta. Taurarin suna nisan kimanin kilomita 20,200, tana buƙatar aƙalla huɗu, kuma tun da rabonta da aiki tun Kano, za ta ɗauki mintuna kafin ta gane inda take. Yi wannan da safe kafin a sauka, kada ka bari sai kana bakin ƙofar tasha mutane na ture ka. Ɗaura igiyarta a hannu kafin ka matsa kusa da ƙarfen gefe.

Ga wani amfani da ya wuce wasa. Shigar da lambar Ka'aba, N 21°25.350' E 039°49.570', ka adana. Duk inda kake, ka zaɓe ta, za ta ba ka digirin alƙibla. A Kano kusan 68 ne, shi ya sa muke cewa gabas, amma a Durban kusan arewa za ka fuskanta. Shafin Sun and Moon kuma yana ba da fitowar rana da faɗuwarta a inda kake. Sai dai ƙarfen jirgi yana ruɗa kamfas, don haka gwada digirin da inda jirgin ya dosa, ko ka tambayi ma'aikata.

A wasu sassan Bahar Maliya, Tekun Fasha da gabashin Bahar Rum, ana samun masu toshe siginar GPS ko su karkatar da ita saboda rikice-rikicen yankin. Idan na'urar ta ce kana wani filin jirgin sama alhali kana kan ruwa, ba lalacewa ta yi ba. Rufe ta ka yi yawonka.

7. Alamar jirgi da agogo

Kana fita daga ƙofar tasha, kafin komai, danna Mark Waypoint ka sa masa suna JIRGI. Ƙofar da ake shiga za ka yi wa alama, ba jikin jirgin ba, domin wata tashar sai ka kewaya katanga mai nisa. Idan da ƙaramin kwalekwale aka kawo ku gaɓa, yi wa inda yake ɗaukar mutane alama, ka tambayi lokacin na ƙarshe. Kunna rikodin sawu, don TracBack ya iya mayar da kai ta hanyar da ka bi. Sannan idan na'urarka tana da kamfas na lantarki, ka matsa nesa da ƙarafa, ka shiga Calibrate Compass ka jujjuya na'urar yadda ta nuna.

A bakin matakala ana rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci minti 30 kafin tashi. Da agogon jirgi ake lissafin, wani lokaci kuma ya saɓa da na gari. Na'urarka da wayarka za su koma lokacin gari da kansu, shi ya sa na ce ka riƙe agogon hannu, ka saita shi da na jirgi. Jirgin nan ba motar kasuwar Gujungu ba ce da yaron mota zai ce a dakata Alhaji yana zuwa. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, tafiya ake yi a bar shi, kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba kuma daga aljihunsa. Ni dokata: in kasance a ƙofa saura sa'a guda. Fara da ajiyar da ta fi nisa, ka riƙa dawowa ta kan na kusa. Nisan da na'ura ke nunawa miƙaƙƙe ne, a titi ka ƙara rabinsa. Kowace ajiya ba ta minti 15, ko an samu ko ba a samu ba a yi gaba. Rubuta lambar wayar wakilin jirgin na garin, tana cikin takardar da ake rabawa kullum.

8. Mita goman ƙarshe

Bi titi, kada ka bi kibiya ta cikin gidan mutane ko shingen tasha. Idan na'urarka ba ta da kamfas na lantarki, kibiyar ba ta da gaskiya sai kana tafiya, ka tsaya sai ta fara juyi.

Idan nisa ya sauko ƙasa da mita 10, ɗaga kanka daga na'urar. Ta gama nata. Naka kuskuren mita 5, na wanda ya ɓoye mita 5, don haka ko ta nuna sifili ba lallai kana kan ajiyar ba. Tambayi kanka: da ni ne, ina zan sa? A birni yawanci ɗan mitsitsin abu ne mai maganaɗisu, a bayan allon titi, ƙarƙashin benci, ko cikin ƙarfen shinge. A bayan gari nemi duwatsu ko itatuwan da aka jera ba yadda Allah ya zubar da su ba. Ba a binne ajiya, dokar wasan ta hana, saboda haka ba haƙa, ba ɓalle dutse daga tsohuwar katanga.

Kada masu wucewa su ga inda ka ɗauko, don kada ta ɓace bayan tafiyarka. Zauna a bencin kamar mai hutawa, hannu na aiki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: baƙo da na'ura mai kama da oba-oba yana leƙe-leƙe, ido na kansa. Kada ka yi a kusa da barikin soja, ofishin jakadanci, makarantar yara ko cikin harabar tasha. Idan ɗan sanda ya tambaya, kada ka yi kwana-kwana. Nuna masa katin jirginka da shafin ajiyar, ka ce jiyokashin, da yawansu a Turai sun san shi. Mutum biyu sun fi ɗaya, musamman ga mata.

9. Idan ka samu

Matsa gefe kaɗan, buɗe, rubuta kwanan wata da sunan asusunka. Idan akwai ƙananan kayan musaya, kana iya ɗauka ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Sulallan naira da ɗan maƙalin makulli na fata aikin dukawa suna burge mutane. Ban da goro, dabino, alewa ko turare, ƙamshi yana jawo dabbobi su fasa robar. Ban da wuƙa, ashana, magani, da takardun wa'azi ko na siyasa.

Idan ka ga abu mai ɗan ƙarfe da lamba a jiki, wannan matafiyi ne, yana da mai shi, so ake ya riƙa yawo daga ajiya zuwa ajiya. Mai jirgi ya fi kowa iya taimakonsa, ka ɗauka a Italiya ka ajiye a Girka. Amma idan tashar ƙarshe ce kuma gida za ka dawo, bar shi, don babu inda za ka sa shi a nan.

Rufe murfin sosai, ka mayar daidai inda ka ɗauko, ko da kana ganin ka san wurin da ya fi.

10. Rahoto da adana na'ura

A na'urar danna Found, ko ka rubuta a littafi. Idan ka samu intanet, ko bayan ka dawo ne, shigar da rahoton a shafin da ainihin ranar da ka samu. Rubuta jimla biyu ko uku, ka ce daga Jigawa ka zo, kada ka fallasa maɓoyar a rubutu ko a hoto. Wadda ba ka samu ba ma ka rubuta, da haka mai ita zai san ko ta ɓace.

Kada ka ɓoye taka ajiyar a garin da ka ziyarta, masu tantancewa ba sa amincewa da wadda mai ita ba zai iya kula da ita ba. Idan kana so, yi a gida: da izinin mai wurin, a roba mai murfin da ruwan damina ba ya shiga, da rubutu a jiki da Hausa da Turanci mai bayyana ko mene ne, kuma aƙalla mita 161 daga wata ajiyar.

Iskar teku gishiri gare ta. Goge na'urar da ɗanyen tsumma, buɗe murfin baya ta sha iska, ka cire baturan kafin ka ajiye ta, domin a zafin bazara suna zubar da ruwa su cinye ƙarafan ciki. Idan za ta koma aikin gona, duba Position Format da Map Datum ka mayar da su yadda ofishinku ke aiki da su.